ƘARANCIN MAN FETUR: YAYA MA'AIKACIYA ZA TA JE AIKI BA TA DA MOTA?

  

Abin da za mu tattauna a kai yau wani saƙo ne ya jawo shi. Wata baiwar Allah, malamar firamare, ta aiko mana cewa aure ya kai ta Rijiyar Zaki a nan Kano, makarantar da take koyarwa kuma tana can wajen Hotoro. Hawa uku take yi a tafiya, uku a dawowa. Ta ce a makon da aka yi layin mai sau uku tana makara, har aka ja mata jan biro a littafin sa hannu. Da ta kai kuka gida, maigida ya ce tunda albashin a titi yake ƙarewa, to ta ajiye aikin kawai ta huta. Shekararta tara tana koyarwa. Tambayarta ita ce: ta ajiye, ko akwai dabara?

'Yar uwa, kafin in ba ki amsa, ki sani ni ma da ke wannan magana ba ni da mota. Akwai safiyar da ni ce zan buɗe shirin safe, na tsaya a bakin titi kusan minti arba'in, duk ɗan sahun da ya zo a cike yake. Daga ƙarshe na kama hanya a ƙafa da takalmi mai tsini. Kafin in isa wata abokiyar aikina ta riga ta buɗe shirin, ni kuma ga kunya ga ƙafa ta yi bororo. Saboda haka abin da zan faɗa miki yau, na taɓa shi da hannuna.

Da farko ya kamata mu raba abu biyu da muke yawan haɗawa, wato ƙarancin mai da tsadar mai. Ƙaranci shi ne ki je gidan mai da kuɗinki a hannu ki tarar an rufe ƙofa, ko ki ga layi ya miƙe har ya sha kwana. Wannan yakan zo ya wuce, wani lokaci mako guda, wani lokaci wata biyu. Tsada kuwa ita ce man yana nan, amma kuɗin sayensa ya fi ƙarfin aljihu. Ita idan ta zo ba ta cika komawa inda ta fito ba. Dabarar da za ki yi wa na mako biyu daban take da wadda za ki yi wa abin da ya zo zama.

To me ke kawo ƙarancin a ƙasar da Allah ya hore wa ɗanyen mai? Ɗanyen mai ba ya shiga tankin mota sai an tace shi. Gwamnatin Nijeriya tana da matatu huɗu: biyu a Fatakwal, ɗaya a Warri, ɗaya a Kaduna wadda aka buɗe a 1980. A takarda, su huɗun za su iya tace ganga 445,000 a rana. Amma sun shafe shekaru masu yawa ba sa aiki yadda ya kamata, don haka aka riƙa fitar da ɗanyen mai waje, a sayo tatacce da dala a shigo da shi ta jirgin ruwa. Kin ga kenan duk abin da ya taɓa dala, ko ya tsai da jirgi, ya taɓa kuɗin motarki. A watan Fabrairun 2022 an shigo da gurɓataccen fetur mai yawan sinadarin metanol, aka janye shi daga kasuwa, ƙasa ta yi makonni a kan layi. Matatar Ɗangote da ke Lekki a Legas, wadda aka gina don tace ganga 650,000 a rana, ta fara fitar da fetur a Satumban 2024, abin da ya rage dogaro da na waje.

Mu a Arewa muna da ƙarin matsala guda, wato nisa. An shimfiɗa bututun da zai riƙa kawo mai daffo-daffo, irin wanda ke Hotoro, amma lalacewa da fasa bututu sun sa aka koma ɗauko shi da tanka. Daga Legas zuwa Kano tafiya ce ta kusan kilomita 1,000. Idan gada ta karye, ko ruwa ya cinye hanya, ko direbobin tanka suka shiga yajin aiki, cikin 'yan kwanaki za ki ga layi a unguwarku. Sai kuma halin mutane. Da an ji ƙishin-ƙishin za a ƙara kuɗi, wasu masu gidajen mai sai su rufe su jira sabon farashi. Mu ma masu saye muna da namu laifin: da an ce mai zai yi wuya, mai sayen lita biyar sai ya ce a cika masa tanki har da jarka, nan da nan wanda zai isa kwana uku ya ƙare a wuni ɗaya.

Ita kuwa tsada, tarihinta yana tafe da abin da ake kira tallafin mai, wato gwamnati ta biya wani kaso na kuɗin kowace lita don ta sauko wa talaka. A shekarar 2000 an ɗaga lita daga naira 20 zuwa 30, aka yi yajin aiki, aka dawo da ita 22. Ranar 1 ga Janairun 2012 an cire tallafi, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, aka yi zanga-zanga, aka tsaya a 97. A 2016 ta koma 145. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafi ya tafi, lita da ba ta kai naira 200 ba ta doshi 500, a Arewa ma ta haura. A Oktoban 2024 ta wuce naira 1,000. Tun daga cire tallafin, farashi yana hawa yana ɗan sauka ne gwargwadon kuɗin ɗanyen mai a duniya da darajar naira. Na kawo miki waɗannan shekaru ne don kada ki gina tsarinki a kan jiran lita ta koma 65.

Sau da yawa muna zagin ɗan sahu idan ya ninka kuɗi. Akwai masu zalunci a cikinsu, wannan gaskiya ne. Amma ki duba nasa lissafin. Yawancinsu ba su ne masu mashin ɗin ba, akwai balas da za su kai wa mai shi kullum, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Ran da ake layi, rabin wuninsa a gidan mai yake ƙarewa, ko kuma ya saya a galan wurin 'yan bunburutu da tsada. Mashinan da ke kan titi sun ragu, fasinja ba su ragu ba. Shi ya sa kuɗin hawa yake tashi fiye da yadda mai ya tashi. Sanin wannan zai taimake ki idan kika zo yin ciniki da shi, kamar yadda za mu gani nan gaba.

Yanzu sai mu zo kan dabaru. Ta farko ita ce biro da takarda. Yawancinmu ba mu san nawa muke kashewa a hanya ba, sai dai mu ga jaka ta yi fayau tun wata bai raba ba. Ki yi mako guda kina rubuta kowane hawa da kuɗinsa. Mu ƙaddara kowane hawa naira 300 ne, kina yin shida a rana. Kin ga 1,800 kenan. A kwanakin aiki 22 ya zama 39,600. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne, kin ga an cinye fiye da rabi. Idan kika ga adadin a rubuce, za ki gane wane hawa ne dole, wanne ne sabo kawai. Ran da aka yi albashi, kuɗin mota shi za ki fara warewa, ki raba shi mako-mako, ki ajiye inda ba ya haɗuwa da na cefane ko na anko. Ki kuma riƙa tanadin canji tun da dare, domin rigimar canji da safe tana cin kuɗi, tana cin lokaci.

Dabara ta biyu ita ce ƙafa. Na san wata za ta ce, haba, ni da girmana? To ki saurara. A cikin hawa ukun nan, galibi akwai gajere guda, daga layinku zuwa babban titi, ko daga inda aka sauke ki zuwa ƙofar wurin aiki. Kilomita ɗaya tafiyar kamar minti goma sha biyar ce. Idan kika taka guda da safe, guda da yamma, a lissafinmu na ɗazu kin rage 600 a rana, 13,200 a wata. Ga kuma lafiya, don Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako. Amma a yi shi da shiri. Ki sa takalmi shimfiɗaɗɗe, na adon ki saka a jaka sai kin isa. Ki riƙe gorar ruwa da lema, musamman a bazara, daga Maris zuwa Mayu. Lokacin hunturu ki rufe hanci saboda ƙura. Ki bi gefen da kike fuskantar motoci masu zuwa, ki guji lungun da ba mutane. Mai tsohon ciki, da mai hawan jini ko ciwon asma, su fara jin ta bakin likita tukuna.

Ta uku, sammako. A lokacin layin mai, tsakanin ƙarfe bakwai da takwas na safe shi ne lokacin da kowa ya fito, ma'aikata da 'yan makaranta da 'yan kasuwa, a lokacin ne kuma direba yake yanka kuɗin da ya ga dama. Wadda ta fito shida da rabi takan samu wuri da sauƙi, sau da yawa ma a tsohon kuɗi. Amma sammakon uwargida tun daren jiya yake farawa. Ki goge kayanki da na yara, ki haɗa jakunkunan makaranta, ki jajjaga kayan miya, ki tanadi ruwan wanka. Yaran da suka tasa a raba musu aiki, mace da namiji. Bayan sallar asuba kada a koma barci. Ki kuma haɗa fitarki wuri guda: idan kin taso aiki ta kasuwa za ki bi, to ki yi cefanen mako a ranar, ki biya dubiya ko barka da ke kan hanya, maimakon ki sake fitowa ran Asabar ki biya wani kuɗin.

Ta huɗu, wadda ni ta fi yi mini amfani, ita ce haɗa kai. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ki duba unguwarku, da wuya ki rasa mata biyu da hanyarku ɗaya, ko da ba wurin aikinku ɗaya ba. Ku uku ku samu ɗan sahu wanda aka san gidansu, aka san mai mashin ɗin, ku ɗauke shi shata ya riƙa kai ku yana ɗauko ku. Ba sabon abu ba ne, don asalin a daidaita sahu ma a Kano, a 2005 zamanin Malam Ibrahim Shekarau, don ɗaukar mata aka kawo shi. Shi direba ya samu tabbacin kuɗin balas tun da safe, ku kun huta da tsayuwar titi da sauka-hawa. Sai dai a yi magana a fili tun farko: ƙarfe nawa, a ina za a haɗu, minti nawa za a jira wadda ta makara, wa zai biya ran da wata ba ta je ba, yaya za a yi idan mai ya tashi ko ya sauka. Ku riƙa biya mako-mako. Kada ku ba da na wata gaba ɗaya, don idan mashin ya lalace kun rasa kuɗi kun rasa abin hawa. Kuma ku riƙe lambar wani direban na biyu saboda ɓacin rana.

Idan kuma wata abokiyar aiki mai mota ce take rage miki hanya, don Allah kada ki mai da alherinta haƙƙinki. Motar ba da ruwa take tafiya ba. Ko ta ce ki bari, ki riƙa ba da gudummawar mai a ƙarshen mako. Ki riga ta fitowa bakin titi, kada ta zo tana miki oda a ƙofar gida. Kada ki ɗebo mata wasu ba da izininta ba, kuma abin da kika ji a motarta ki bar shi a motarta. Idan namiji ne mai motar, a yi da sanin maigida, kuma kada ki zama ke kaɗai. Wannan ya fi miki kwanciyar hankali, ya toshe bakin masu magana.

Ta biyar, ku yi magana a wurin aiki. Yin shiru kina makara shi ke jawo takardar tuhuma. Idan kin ga layi ya fara, ki sanar da shugabarki ko shugabanki tun kafin ki makara, ki faɗi nisan da kike fitowa. Abin ya fi ƙarfi idan kuka rubuta a ƙungiyance, cikin ladabi, kuna neman abu takamaimai: a gyara motar ma'aikata ko da za a riƙa karɓar wani abu kaɗan, ko a sassauta lokacin sa hannu da rabin awa a rama da yamma, ko a daidaita jadawali yadda mai nisa za ta haɗa darussanta ko aikinta a jere. Neman irin wannan ba rashin kunya ba ne. A watan Yunin 2023, bayan cire tallafi, gwamnatocin Kwara da Edo sun rage wa ma'aikatansu kwanakin zuwa ofis zuwa uku a mako saboda kuɗin mota. Ma'aikatan jinya da masu aikin dare, ku tsara musayar aiki a tsakaninku yadda ba wadda za ta fito neman abin hawa cikin tsakar dare.

Yanzu ga gargaɗi, kuma ina roƙon ki buɗe kunne. Ranar da abin hawa ya yi wuya, ranar ce mugu yake samun kasuwa. Kin gaji, kin makara, sai ga mota ta tsaya an ce Hajiya shigo. Idan ba ki san mai ita ba, kada ki shiga. 'Yan uwanmu da ke aiki a Abuja sun san 'yan wan-cans, masu ɗaukar fasinja su yi masa fashi a hanya. A nan ma ana ƙwacen waya a cikin a daidaita sahu. Ki duba fuskokin da ke ciki kafin ki hau, waya ta zauna a jaka, jakar a kan cinya ta ɓangaren ciki. Idan an yi lodin da ya wuce ƙima, har ana ɗora mutane gefen direba hagu da dama, ki haƙura ki jira na gaba. Makarar minti ashirin ana gyara ta da ban haƙuri, karaya kuwa sai an yi watanni a kwance.

Gargaɗi na biyu ya shafi cikin gida. Idan ana wahalar mai, maigida yakan sayo a jarka don babur ko janareta, a tura ƙarƙashin gado ko a ajiye a kicin. Uwargida, kada ki yarda. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa ne ya tafi har inda risho ko murhu ko maganin sauro mai hayaƙi yake, wuta ta biyo shi ta dawo kan jarkar. Idan ya zama dole a ajiye, to kaɗan, a rufe gam, a waje cikin inuwa, nesa da wuta da yara. Kada a zuba shi a gorar lemo ko jarkar kananzir. Kada a ƙara wa janareta mai yana aiki ko yana da zafi. Wutar fetur kuma ba a watsa mata ruwa, don ruwan yaɗa ta yake yi, da yashi ake danne ta. Sannan ki ja wa 'ya'yanki kunne a kan tankar da ta faɗi. A Oktoban 2024, a garin Majiya ta jihar Jigawa, mutane suka taru kwasar mai daga tankar da ta kife, wuta ta tashi, sama da mutum 150 suka rasu. Allah ya jiƙansu da rahama. Duk wanda ya ga tanka ta zube, ya yi nesa da ita.

To bari in dawo kan malamarmu ta Rijiyar Zaki. 'Yar uwa, ban ce maigida bai da hujja ba, yana ganin wahalarki ne. Amma kada a yanke wannan hukunci a daren da kika dawo a gajiye. Ki bari ran hutu, bayan ya ci abinci ya natsu, ki kawo masa takardar lissafinki. Ku duba abin da ke saura bayan kuɗin mota, da abin da sauran yake toshewa a gida. Ku sa da abin da ba a gani a albashin wata: shekara taran da kika tara, ƙarin girma da ke gaba, da fansho. Aikin gwamnati idan aka fita, komawarsa da wuya. Kafin a yi zancen ajiyewa, ki rubuta takardar neman canjin wurin aiki zuwa makarantar da ke kusa da inda aure ya kai ki, ki bi ta hannun shugaban makarantarku zuwa ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, ki riƙe kwafi, ki riƙa bibiya. A tsakanin nan ki gwada shata da tafiyar ƙafa na wata biyu, ki sake lissafi. Idan maigida yana da babur, ko kai ki babban titi da safe ya yi, ya rage miki hawa guda.

Idan bayan duk wannan kuka ga ba riba sai wahala, kuma lafiyarki ko tarbiyyar yara tana taɓuwa, to ki ajiye da shawara da istihara, bayan kin tanadi sana'ar da za ki kama. Amma ki tuna akwai yara a ajin nan da suke jiran ki kowace safiya, kuma ƙarancin malamai mata da ma'aikatan jinya mata abu ne da mu kanmu muke kuka da shi idan mun kai 'ya'yanmu makaranta ko mun je awo.

Ku kuma iyayenmu maza da ke sauraro a gefe, mun san kuna ji. A taimaka wa iyali da kuɗin mota idan wata ya yi nisa, a kuma riƙa haƙuri idan abincin dare ya ɗan makara a ranakun layi.

A nan za mu dakata. Duk wadda take da wata dabarar da ta gwada ta ga amfaninta, ta aiko mana, za mu karanta don wasu su ƙaru. Malama, muna jiran jin yadda kuka ƙare da maigida. Allah ya sawwaƙe mana wannan wahala, ya sa albarka a ɗan abin da muke samu, ya kai mu ya dawo da mu gidajenmu lafiya. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.